Kallon Shirwa da 'Yan'uwanta

Duk mai kiwon kaji ya san shirwa. Da kaza ta yi kuka, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin rumbu, ka san tana bisa. Yawancinmu jifa kaɗai ke haɗa mu da ita. Amma in ka ajiye dutsen rana ɗaya, ka tsaya ka dube ta sosai, za ka ga abin mamaki.

Kallon tsuntsaye masu farauta ba ya bukatar kuɗi. In kana da madubin hangen nesa, madalla. In babu, idonka ya isa. Ka fita da hantsi, sa'ad da ƙasa ta fara ɗaukar zafi. Ka juya wa rana baya, ka zauna, ka yi shiru.

Don me da hantsi? Domin in rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kusa da ita takan yi zafi ta hau sama. Manyan tsuntsayen nan sai su buɗe fukafukai, iskar ta ɗaga su, suna kewayawa ba wahala. Shi ya sa ba ka cika ganin ungulu tana shawagi da asuba ba. Jiran iskar take yi.

To, yaya za ka rarrabe su tun daga nesa? Fara da wutsiya. Ta shirwa a rabe take kamar bakin gwafa, tana murɗa ta dama da hagu, da ita take juyawa. Shaho kuwa fiffikensa tsini gare shi. Akwai wani irinsa wanda in ya naɗe fukafukai ya faɗo wa kurciya, gudunsa yakan wuce mil 200 a sa'a guda. Ranar da ka fara ganin wannan, sai gabanka ya faɗi, kai da ba kai ake bi ba. Gaggafa ita ce mai jan fuska da jajayen ƙafafu, wutsiyarta gajera ƙwarai, tana tafe tana tangaɗi. Ta yi wuyar gani yanzu, sai a manyan dazuka irin su Yankari.

Mikiya ta fi su duka hawa. A shekarar 1973 wani jirgin sama ya yi karo da wata mikiya bisa birnin Abidjan, a ƙafa 37,000 daga ƙasa.

In wuta ta kama daji da kaka, dubi saman hayaƙin. Shirwa za su taru suna cafke fara da ƙafa, suna kai wa baki suna ci, ba su ko sauka. Nan za ka gane ba 'yan tsaki ne kaɗai abincinsu ba. Suna cin fara da ɓera, watau maƙiyan manomi. Hasarar tsako da zafi, gaskiya ne, amma akurki ya fi jifa magani.

Saura ungulu. Ana cewa ungulu ba ta jewar banza, kuma haka ne: inda ta sauka akwai mushe. Ita ke share shi kafin ya ruɓe ya tara ƙudaje da karnuka. Dā kowace mahauta cike take da su. Tambayi yaran unguwarku yau, da yawansu ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Guba da ake sa wa mushe ta kashe wasu, an kama wasu an sayar don haɗa magani. A 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ga shi kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, saboda haka in an kashe uwa, maye gurbinta sai an daɗe.

In Allah ya sa ka ga ungulu, ƙirga ko nawa ne. Rubuta ranar da wurin. Baɗi war haka ka koma wurin, ka sake ƙirgawa.