Rayuwar Iyali a Cikin Zakuna: Misali Daga Kwarin Rufiji, Tanzaniya

1.0 Gabatarwa

Yawancin Hausawan yau ba su san zaki ba sai a tatsuniya da kirari, inda yake fitowa a matsayin sarkin dawa mai yanke hukunci tsakanin dabbobi. Ko a Nijeriya baki ɗaya, 'yan zakunan da suka rage ba su wuce na Yankari da Kainji ba. Amma a kudu maso gabashin Tanzaniya akwai manoman da suka yi shekara da shekaru suna kwana suna tashi da shi a bakin gonakinsu. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda neman abinci yake jefa iyali a hannun zaki a kwarin kogin Rufiji da gundumar Lindi, sannan ta duba wasu kalmomi da mutanen yankin suke amfani da su, domin sunan da aka ba masifa yana da hannu a irin matakin da ake ɗauka a kanta.

2.0 Gona da Aladen Daji

A shekarar 2005 masanin dabbobi Craig Packer da abokan aikinsa suka buga rahoto a mujallar Nature, inda suka nuna cewa daga 1990 zakuna sun kashe aƙalla mutum 563 a Tanzaniya, suka raunata 308. Kusan rabin hare-haren sun auku ne a 'yan gundumomin da ke kusa da gaɓar teku, ciki har da Rufiji da Lindi. Abin lura a nan shi ne, a arewacin ƙasar, inda Masai suke kiwo, zaki ya fi damuwa da shanu. A kudu kuwa mutum yake ɗauka. To me ya jawo wannan bambanci?

Amsar tana cikin gona. Manomin Rufiji yana shuka shinkafa da masara da rogo, kuma babban abokin gabarsa shi ne aladen daji, wanda yake fitowa da dare ya tone gona. A 'yan kwanaki kaɗan garkensa yana iya cinye abin da gida zai ci har shekara. Galibin mutanen gaɓar teku Musulmi ne, ba su cin namansa, saboda haka ba kasafai ake farautarsa ba, sai ya yi ta yaɗuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, namun dajin da zaki ya saba ci sun yi ƙaranci a wuraren da noma ya mamaye. Da ya rasa su sai ya koma bin alade, alade kuwa gona ya nufa. Ke nan alade ne jagoran da yake kai zaki wurin mutum.

Akwai kuma tarihi a cikin lamarin. Bayan ambaliyar 1968, da kuma lokacin shirin Ujamaa na Julius Nyerere, an kwashe mutane daga fadamar kogin aka tara su a ƙauyuka a kan tudu. Gidaje suka koma tudu, ƙasa mai albarka ta tsaya a fadama. Wanda yake son amfanin gonarsa ya kai gida, tilas ya bar ƙauye ya tare a gona tsawon makonni, sau da yawa tare da mace da 'ya'ya, tunda kowa yana da aikin da zai yi wajen korar tsuntsaye da rana da alade da dare.

Wurin kwanansu shi ne abin da ake kira dungu da Suwahili, wato 'yar bukkar ciyawa da ake ɗorawa a kan itatuwa domin mai gadin gona. An ƙirƙiro ta ne don hangen gona da tsira daga ruwa, ba don tsare zaki ba. Yana iya tsalle ya hau, ko ya keta rufin ya jawo mai barci. Rahoton 2005 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na hare-haren a gonaki suka faru, kuma sun fi yawa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da amfani yake nuna. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda abin ya shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara goma. Maigida yana tsakanin abu biyu: in ya kwana a ƙauye alade ya cinye gona, yunwa ta shigo, in ya kwana a dungu ya ajiye iyalinsa a kan hanyar zaki. Mafi yawansu gona suke zaɓa, kuma da wuya a ga laifinsu, domin yunwar tabbas ce, zakin kuwa wataƙila ne.

Har hasken wata yana da tasiri. Wani binciken Packer na 2011 ya gano cewa zaki ba ya samun sa'ar farauta a daren farin wata, saboda haka yakan fito daga waɗannan kwanaki da yunwa. Bayan wata ya cika kuma sai ya riƙa jinkirin fitowa, duhu ya rufe daidai lokacin da mutane suke waje suna girki ko wanka ko zagayawa. A kwanaki goman da ke bin cikar wata ne hari ya fi yawa.

3.0 Zakin Daji da Zakin Gida

Tsakanin 2002 da 2004 wani zaki da mutanen Rufiji suka laƙaba wa suna Osama ya yi sanadin mutuwar aƙalla mutum 35 kafin a harbe shi. Sunan kansa abin nazari ne: an aro shi daga labaran duniya na wancan lokaci aka ɗora wa maƙiyin da yake kai hari ya ɓace. Manoma da dama sun bar gonakinsu a wannan tsakani.

Sai dai ba kowa yake ɗaukar mai cin mutane a matsayin dabba ba. Da Suwahili akwai kalmar simba-mtu, wato zaki-mutum. Nyaturu na Singida suna da mbojo. Makonde na arewacin Mozambik sun raba zakuna gida biyu a harshensu, na daji da na cikin gari, kuma na biyun wani mai sihiri ne ya haɗa shi ya aika. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda shi ma yana da labarin mai rikiɗa ya zama kura.

Kuskure ne a ɗauki wannan rabe-rabe a matsayin adon magana kawai. Idan aka ce zakin daji ne, maganinsa tarko da bindigar ma'aikacin gandun daji. Idan aka ce aikowa aka yi, sai ido ya bar daji ya koma kan maƙwabci, wasu ma su ji tsoron nuna sawun dabbar don kada mai ita ya juyo kansu. A gundumar Muidumbe ta Mozambik, tsakanin 2002 da 2003, zakuna sun kashe kimanin mutum 50, jama'a kuma suka kashe mutum 24 bisa zargin su ne masu zakunan, kamar yadda masanin tarihi Paolo Israel ya rubuta. Iyalin da suka tsira daga dabbar suna iya rasa uba a hannun 'yan garinsu.

Shawarar da masu binciken Tanzaniya suka fi ƙarfafawa ba ta fara da zaki ba. Sun ce a rage aladen daji, a kare gona da rami ko shinge yadda manomi zai iya kwana a gida, a ƙarfafa bango da rufi, a kuma killace makewayi kusa da ɗaki. Kowanne daga cikin waɗannan kuɗi yake ci, alhali binciken Hadas Kushnir a Rufiji da Lindi ya nuna cewa gidajen da suka fi talauci, masu bangon ciyawa, su ne zaki ya fi afka wa.