Takin gargajiya ko na zamani: Muhawarar da noman tabar wiwi ya kawo gidajen Bronx

A watan Maris na 2021 Gwamna Andrew Cuomo ya sanya hannu kan dokar da ta halasta tabar wiwi ga 'yan shekara 21 zuwa sama a jihar New York ta Amurka. Daga watan Yunin 2024 kuma aka ba baligi izinin shuka ta a gida: tushe uku manya da uku ƙanana, amma kada gida ɗaya ya wuce tushe 12.

A Mount Hope da ke gundumar Bronx, yankin da 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, akasarin mutane suna zaune ne a benayen haya. Babu gona, babu fili, sai tukunya. Don haka tambayar da manomin Kano ya daɗe da sani ta sake tasowa a nan: taki ko takin zamani?

Ita shukar ba ta bambance su. Sinadaran nitrojin da fosfaros da fotashiyam suna shiga saiwa a siffa ɗaya, ko daga kashin shanu suka fito ko daga masana'anta. Hanyar isowarsu ce ta bambanta. Takin gargajiya sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun ruɓar da shi, don haka yana aiki a hankali. Na zamani yana narkewa nan take, amma idan ya yi yawa gishirinsa yakan taru ya ƙone saiwa. Masu amfani da shi sukan bar ƙasa gaba ɗaya, su shuka a cikin ɓawon kwakwa ko zaren dutse, ko a ruwa zalla.

Mutane da dama na ɗauka cewa duk abin da aka noma da takin gargajiya ya tsira daga guba. Ba haka ba ne, musamman ga wannan shukar, wadda aka san ta da zuƙo ƙarafa masu guba daga ƙasa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Columbia sun wallafa cewa sun sami dalma da kadmiyam a jini da fitsarin masu shan wiwi fiye da na waɗanda ba sa sha. Mount Hope na gefen babban titin Cross Bronx, kuma tsofaffin unguwannin birnin sun gaji dalma a ƙasarsu daga tsohon fenti da fetur. Wanda ya ɗebi irin wannan ƙasa ya zuba mata taki mai kyau bai kawar da komai ba. Wanda ya tuna bala'in gubar dalma a Zamfara a 2010 ya san abin da take yi wa yara.

Akwai kuma batun tambari. Ma'aikatar noma ta Amurka ce ke ba da shaidar cewa an noma abu ba da sinadaran masana'anta ba, amma ba ta bayar da ita ga tabar wiwi, domin dokar tarayya ba ta halasta ta ba. Abin da New York ta wajabta wa masu lasisi shi ne gwajin kayansu a ɗakin bincike, ciki har da neman ƙarafa da maganin ƙwari. Wadda aka shuka a ɗaki ba ta bi ta wannan gwaji.

Wannan saɓani tsakanin jiha da tarayya ya fi shafar baƙi. Dokar shige da fice ta tarayya ce, saboda haka mai katin zama na dindindin da ya shuka wiwi a ɗakinsa na iya jefa takardunsa cikin haɗari, ko da bai karya dokar jiha ba. Haka nan gidajen gwamnati da ke samun tallafin tarayya sun haramta ta. A Najeriya da Nijar kuwa noman ta laifi ne, kowane irin taki aka zuba.