Laifin tanki, duka a kan kafireto

A Yargoje da sauran ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, babur ne jakin zamani. Shi ke kai buhun masara kasuwar Sheme, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti, shi ke ratsa yashi da kwazazzabon da mota ba ta shiga. Yawancinsu Boxer ne na kamfanin Bajaj na Indiya, sai tsofaffin Jincheng da suka ga jiya suka ga yau. Kuma da zarar ɗaya ya fara tari, ko ya ƙi tashi da asuba, hukuncin mai shi ɗaya ne: kafireto ne.

Sau da yawa an zalunci kafireto. Aikinsa kawai haɗa iska da fetur gwargwado, kusan kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur idan aka auna da nauyi. Fistin na zuƙo iska ta wani maƙogwaro da ya tsuke a tsakiya. A wurin tsukewar iska na ƙara gudu, matsinta ya ragu, sai ta jawo fetur daga ɗan kofin da ke ƙasa. Wani Ba'italiye, Giovanni Venturi, ya bayyana wannan ɗabi'a ta iska da ruwa tun 1797. Fetur ɗin na hawa ta ramuka biyu da makanikai ke kira jet: ƙarami na silo, babba na gudu. Ramin ƙaramin bai kai kaurin allura ba. Ƙwayar tsatsa guda ta isa ta toshe shi.

Daga nan ake karanta ciwon. Babur da ke mutuwa da an saki totur, amma yana tafiya idan an murɗa, ƙaramin jet ne ya toshe. Wanda ke silo lafiya amma ya shaƙe a kan gudu, a duba babban. Wanda ba ya aiki sai an ja cok, yana faɗa maka mai bai ishe shi ba, ko iska na kutsawa ta robar da ta haɗa kafireto da inji, wadda zafin rana ke tsattsagawa. Idan kuwa fetur na ɗiga ƙasa, 'yar allurar da ke rufe kofin ce ta cinye ko datti ya tokare ta.

To ina dattin ya fito? A ƙarshen Agustan 2021 gwamnan jihar na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya sa hannu kan dokar daƙile 'yan bindiga, wadda ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita gidajen man da za su sayar a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Sai ga janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, bai kuma tsaya nan ba. Tun daga lokacin, ɗan acaɓa da yawa ya daina cika tanki. Lita ɗaya, lita biyu, kullum makunnin mai na kan rizab.

Nan gizo ke saƙar. Rizab daga gindin tanki yake sha, kuma gindin tanki ne makwancin duk wani tarkace. Tankin da ba a cikawa yana tara raɓa a jikinsa da dare, ruwan ya gangara ƙasa don ya fi fetur nauyi, ƙarfen ya yi tsatsa. A ƙara da man kwalba na bumburutu, wanda ya bi ta duro, ta jarka, ta mazurari mai ƙura kafin ya iso. Ba ma sai a ƙauye ba: a farkon 2022 an shigo wa Nijeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja.

Makanike mai kan gado ba ya fara da kwance kafireto. Zai sa yaronsa ya miƙo wankakkiyar kwalba, ya sassauta ƙusar da ke gindin kofin, ya tari abin da ya zubo, ya ɗaga kwalbar saitin rana. "Malam, duba nan." A ƙasa ga wani ɗan ƙwallon ruwa yana birgima kamar dalma, ga jan gari na tsatsa. Sannan ya kwance fulogi. Baƙi ƙirin mai busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari fat, mai ya yi kaɗan, injin na cin wuta. Launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Idan baƙin na da maiƙo, kuma salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, maganar ta wuce kafireto, baƙin mai ne ke haurawa ta ringin fistin.

Shi kuma ringi, ƙura ce ke cinye shi. Da hunturu soson tace iska kan toshe, babur ya yi nauyi, ya riƙa shan mai. Wasu sai su cire soson su yar, su ji babur ya saki, su yi murna. Murnar ba ta kai damina. Yashin da soson ke tarewa yanzu kai tsaye yake shiga inji yana goge shi kamar sanfefa. Alhali wanke soson, a shanya, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse, bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sakace jet da wayar birki. Jet tagulla ce mai laushi, waya kuwa ƙarfe. Kowace sakacewa na ƙara wa ramin faɗi, babur ya tashi a take, mai shi ya biya ya tafi, daga ranar kuma ya riƙa shan mai fiye da da, a lokacin da kowace lita ke da zafi. A jiƙa shi a fetur mai tsabta, a hura masa iska da famfon taya, a leƙa ta ramin a ga haske. Idan ya ƙi, a sayi sabo mai lamba ɗaya da tsohon, lambar na nan rubuce a jikinsa. Kafin a mayar, a sauke tanki a ɗauraye shi, a sa 'yar matatar mai a tiyo, in ba haka ba ranar kasuwa mai zuwa za a sake haɗuwa a wurin makanike.