Chadi: Rijiyar mai ma tana son yasa

Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa haƙa rijiya sau ɗaya ne, amma yasarta kullum ne. Idan aka bar ta, yashi zai cike ta, gefenta ya zube, a wayi gari guga na dawowa da laka. To, haka abin yake ga rijiyar man fetur, kuma maƙwabtanmu na Chadi sun ga wannan da idonsu a yankin Doba da ke kudancin ƙasar.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2003 ne Chadi ta fara fitar da ɗanyen mai daga filayen Kome da Miandoum da Bolobo, ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa gaɓar teku a Kribi ta ƙasar Kamaru. Kamfanin ExxonMobil na Amurka ne ya jagoranci aikin, tare da Petronas da Chevron, kuma an yi bututun ne don ya ɗauki ganga 225,000 a kullum. Sai dai ba a daɗe ba man ya fara ja da baya, har ta kai a wajen shekarar 2020 abin da filayen ke bayarwa bai kai ganga 40,000 a rana ba.

Me ya kawo haka? Man Doba mai kauri ne, ba ya hawowa yadda ake so sai an zura famfon lantarki can cikin rijiyar ya riƙa turo shi. Ga shi kuma yana kwance ne cikin yashi maras ƙwari, ga ruwa mai yawa a ƙarƙashinsa. Yashin yana cinye famfo, ruwan kuma yana rige man fitowa, har a kai lokacin da abin da rijiya ke bayarwa akasarinsa ruwa ne. A nan ne masu gyaran rijiya ke shigowa.

Aikinsu ba na garaje ba ne. Da farko sai sun kwantar da rijiyar, wato su ɗura mata ruwan gishiri mai nauyi domin ya danne man da iskar gas kada su yi ambaliya. Daga nan su ɗaura wani ƙaton makulli a bakinta wanda zai iya toshe ta nan take idan ta yi gardama. Sannan a kafa injin ɗagawa, a fara zaro bututun ciki gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa wajen mita 9, daga zurfin da kan kai kilomita guda ko fiye. Idan famfo ya fito a sauya shi, a kwashe yashin da ya taru, a gyara rariyar da ke tare shi, inda ruwa ke kutsowa kuma a liƙe da siminti. Ruwan da aka raba da man ba a zubar da shi a gonakin jama'a, ana mayar da shi ne ƙarƙashin ƙasa ta wasu rijiyoyi na daban, su ma kuma suna son kulawa. Dare da rana ake yi, domin duk kwanan da rijiya ta yi a rufe asara ce, kuskure ɗaya kuma na iya jawo gobara ko asarar rai.

Abin lura a nan shi ne, a watan Disamba na 2022 ExxonMobil ya sayar da kasonsa ga kamfanin Savannah Energy na Ingila, gwamnatin Chadi ta ce ba ta yarda ba, a watan Maris na 2023 ta mayar da kadarorin mallakar ƙasa. Karɓar rijiya da takarda abu ne mai sauƙi, amma tsohuwar rijiya ta fi sabuwa cin kuɗi da neman gwaninta. Idan babu kayan gyara da ƙwararrun hannu, sai a koma ga abin nan da Hausawa ke cewa, rijiya ta bayar guga ya hana, alhali kasafin kuɗin ƙasar ya dogara ne ƙwarai a kan mai.

Wannan darasi ya shafi Nijar ma, wadda ta fara haƙo mai a Agadem cikin jihar Diffa a 2011, ta kuma fara fitar da shi ta Jamhuriyar Benin a 2024. Rijiyoyinta ma za su tsufa. Don haka muna ganin tun yanzu ya kamata hukumomi su matsa wa kamfanoni lamba su koya wa 'yan ƙasa wannan sana'a, daga walda da lantarki har zuwa jagorancin ma'aikata a bakin rijiya, kada matasanmu su tsaya a gadi da tuƙin mota kawai. Da safe ake kama fara.