Sa injin dizal a tsohuwar mota: wane giyabos ne zai iya ɗaukar sa?

A ce kana da tsohuwar Marsandi W123 samfurin 230E. Jikinta garau, amma injin fetur ɗinta ya gaji, yana shan mai yana hayaƙi. Sai ka samu injin dizal ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka, mai sayarwa ya tayar maka da shi, ka ji yana kiɗa lafiya lau. Ka tambayi bakanike batun giyabos, ya ce maka, "Ai naka na da zai hau, notika ma sun dace." Maganarsa tana iya zama gaskiya. Sai dai dacewar noti ita ce mafi ƙanƙantar tambaya a wannan aiki. Giyabos yana iya hawa daidai, ka yi wata uku kana jin daɗi, rana ɗaya ya watse maka a tsakiyar hanya.

Bari mu bi lamarin da lissafi. Za mu ɗauki misalin da masu irin wannan aiki a Turai da Amurka suka fi yayi, wato injin OM606 mai tobo. Silinda shida ne, lita 3, kuma ya fito ne a Marsandi E300 ta 1997 zuwa 1999.

Ƙarfin doki daban, ƙarfin murɗa daban

In ana hirar inji, kowa ƙarfin doki yake tambaya. Giyabos kuwa ba wannan ne damuwarsa ba. Abin da haƙoransa ke ji shi ne ƙarfin murɗa, irin ƙarfin da kake sa wa sifana in za ka kwance noti. Ana auna shi da Nm. Ƙarfin doki yana fitowa ne daga ninka ƙarfin murɗa da saurin juyin inji, shi ya sa inji biyu za su iya yin kusa a ƙarfin doki amma su yi nisa a murɗa.

Injin fetur na 230E yana ba da doki 136 a juyi 5,100 cikin minti ɗaya, murɗarsa kuma 205 Nm. Shi OM606 mai tobo doki 177 yake bayarwa a juyi 4,400, amma murɗarsa 330 Nm ce, kuma tun daga juyi 1,600 take zuwa. Ka ga ƙarfin doki ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, murɗa kuwa da kashi 60.

Kuma fa giya ninka murɗa take yi. Giya ta ɗaya a irin waɗannan motoci ninkinta kusan 3.9 ne. Da injin fetur, abin da ke isa farfela bai wuce 800 Nm ba. Da dizal ɗin, ya kusa 1,300. Kenan ba giyabos kaɗai ke ɗaukar nauyin ba, har kuloci, da robar haɗin farfela, da bakasil.

Injin dizal duka yake yi

Akwai wani abu da lambar 330 ba ta nuna maka. Inji ba ya juyawa sumul kamar fanka, bugu-bugu yake yi. Duk lokacin da mai ya kama wuta a silinda ɗaya, sai karanshaf ya zabura, sannan ya lafa kafin na gaba. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. OM606 yana matse iska ninki 22, na 230E kuwa ninki 9 ne kacal. Saboda haka bugun dizal ya fi tsanani, musamman in inji yana juyi a hankali kana taka totur.

Wannan bugu ne ke sa ka ji giyabos yana kaɗa haƙora in mota na tsaye. A hankali yana cinye haƙoran da boris. Don maganinsa ne aka ƙirƙiro filawil mai ɓari biyu a tsakiyar shekarun 1980: faifan ƙarfen da ke bayan inji aka raba shi gida biyu, aka sa sifirin a tsakani don ya shanye bugun kafin ya isa giya. Yana da tsada, kuma yana mutuwa. Filawil guda ɗaya ya fi araha da jure wahala, amma in shi ka zaɓa, tilas farantin kulocinka ya zama mai sifirin a tsakiya. Ka haɗa filawil guda da faranti marar sifirin, to duk dukan a kan giyabos zai ƙare.

Lissafin da za ka iya yi a bayan takarda

Tambaya ta biyu ita ce: in kana gudun kilomita 100 a awa, juyi nawa injin zai riƙa yi? Ba sai da kwamfuta ba. Kilomita 100 a awa daidai yake da mita 1,667 a minti. Kewayen tayar W123 kusan mita 2 ne, kenan taya na juyawa kusan sau 830 a minti. Sai ka ninka wannan da ninkin bakasil, ka sake ninkawa da ninkin giyar ƙarshe.

Bakasil ɗin 230E ninkinsa 3.58 ne. A giyabos mai giya huɗu, ta huɗu 1 ce, wato inji da farfela tafiya ɗaya suke yi. Lissafi ya ba ka kusan juyi 2,970. Ga injin fetur da ke kaiwa sama da 5,000 wannan ba komai ba ne. Ga dizal ɗin da ya riga ya ba da duk murɗarsa tun daga 1,600, ihu ne kawai da ɓarnar mai. Ribar da ka sayi injin dominta ta tafi.

Yanzu sa giyabos mai giya ta biyar da ninkinta 0.83. Juyin ya sauko zuwa kusan 2,470. In ka ƙara da canza bakasil zuwa mai 3.07, irin wanda ya zo da wasu W123 masu tobo dizal, sai ya koma kusan 2,100. Gudu ɗaya, hanya ɗaya, amma inji ya huta da juyi sama da 800 a kowane minti. Shi ya sa ba a zaɓar giyabos shi kaɗai. Shi da bakasil da girman taya lissafi ɗaya ne. Kar kuma ka zarce: in juyin ya faɗi ƙasa da inda tobo ke fara aiki, mota za ta yi nauyi a hawa, ga kuma bugun nan da muka faɗa.

Hanyoyi huɗu da ke gabanka

Ta farko, ka bar giyabos ɗinka na hannu na asali. OM606 da injin 230E bakin haɗinsu iri ɗaya ne, shi ya sa bakanike ya ce zai hau. Ita ce mafi araha, amma an ƙera shi ne don injin da bai kai wannan murɗa ba. Ka kuma sani OM606 mai tobo da otomatik kaɗai ya fito daga kamfani, don haka filawil da kuloci sai an nemo su daga wani inji ɗan'uwansa.

Ta biyu, tsohon otomatik mai giya huɗu, 722.3. Ba ruwansa da kwamfuta, matsin mai ne ke tafiyar da shi, kuma makanikai sun san shi. Amma giyarsa ta ƙarshe 1 ce, kenan sai ka nemi doguwar bakasil. Akwai kuma wani tarko. Wannan giyabos yana gane nauyin da ke kan inji ne ta hanyar zuƙar iska. A injin fetur zuƙar tana samuwa da kanta a bayan marfin totur. Dizal irin wannan ba ya samar da ita haka, sai an haɗa famfon zuƙa da wani bawul a jikin famfon mai da zai kwaikwayi yadda fetur ke yi. In ba a saita shi daidai ba, ko dai giya ta riƙa shiga da duka, ko ta riƙa sulɓewa har ta ƙone.

Ta uku, otomatik mai giya biyar, 722.6, wanda shi ne abokin zaman injin tun daga kamfani. Giyarsa ta biyar 0.83 ce, kuma yana kulle kansa a kan gudu don kar ƙarfi ya salwanta. Yana da iri-iri, kamar W5A330 da W5A580, kuma lambar ƙarshen tana nuna murɗar da aka ƙera shi ya ɗauka. In kana da niyyar ƙara wa inji ƙarfi, babban za ka nema. Matsalarsa, ba ya aiki sai da kwamfuta, W123 kuwa ba ta da ita. Sai ka sayi na'urar sarrafa shi daban, ka sa abin da zai gaya mata yadda ka taka totur, sannan ka nemo wa agogon gudu wata dabara, don ba shi da wurin tsohuwar wayar agogo.

Ta huɗu, giyabos na hannu daga wata motar dizal daban. Wanda ya yi suna shi ne GS6-53DZ na kamfanin ZF, mai giya shida, da ke zuwa a motocin BMW na dizal. Yana da ƙarfi sosai, amma bakinsa bai dace da Marsandi ba. Sai an sa farantin haɗi ko an yanke an yi walda, an gyara tsawon farfela da mazaunin giya. A nan aikin ido ba ya yi. In sandar giyabos ta kauce daga tsakiyar karanshaf ko da ƙasa da milimita ɗaya ne, boris da kuloci za su riƙa mutuwa ba ka san dalili ba.

To wanne za ka ɗauka?

Ya danganta da aikin motar, da kuma wanda zai gyara ta in ta tsaya. In injin zai zauna yadda kamfani ya yi shi, kuma kana da mai wayarin da ya san aikinsa, 722.6 ne ya fi dacewa da shi. In tafiyarka ta nesa da gari ce, inda kwamfuta in ta yi gardama ba mai taimakonka, giyar hannu ko 722.3 da doguwar bakasil sun fi kwanciyar hankali. Duk otomatik ɗin da ka zaɓa, ka ƙara masa abin sanyaya mai, domin zafi ne babban makashinsa, zafin Maris da Afrilu kuwa ka san shi.

Kafin ka biya kuɗin inji, rubuta lambobi huɗu a takarda: murɗar injin, murɗar da giyabos zai iya ɗauka, ninkin giyar ƙarshe, da ninkin bakasil. Ka haɗa kuɗin filawil, kuloci, farfela da wayarin a cikin kasafinka tun farko, don sau da yawa su ne ke cinye aljihu bayan an sayi inji. Ka kuma kwatanta farashin litar gas da ta fetur a inda kake, ka ga ko rarar man za ta mayar maka da kuɗinka. In lambobin ba su dace ba, gara ka gyara injin fetur ɗinka, kar garin gyaran gira a rasa ido.