Shantu, kiɗan cikin ɗaki

A ƙauyukan Bichi da Dambatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, ba kowane kiɗa ake yi don dandali ba. Akwai na cikin ɗaki, wato shantu.

Shantu duma ne dogo siriri. Idan ya bushe sai a huda shi sama da ƙasa, a ƙwaƙule cikinsa, wani har a yi masa zane da wuƙa mai zafi. Mace za ta zauna a tabarma tana buga gindinsa a cinyarta, tana toshe bakinsa da tafin hannu tana buɗewa. Sautin a dushe yake fita, da ƙyar ya kai zaure. Shi ya sa waƙar da ke binsa ta zuci ce: kewar gida ga amarya, begen uwa, wani lokaci habaici ga kishiya.

Turawa ma suna da irin wannan kiɗa na cikin ɗaki, na makaɗa huɗu a falo, wanda mai tsara kiɗa Joseph Haydn ya ɗaukaka a ƙarni na 18. Nasu a rubuce yake. Namu kuwa a bakin tsofaffin mata ya rage, kuma abin yana damuna, don yanzu waya ce ke ɗebe wa amare kewa.