Niyobiyum: Ƙarfe Mai Laushi Da Ke Wahalar Da Injiniyoyi

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ƙarfe mai tauri ne ya fi wuyar sassaƙawa. Ashe mai laushi ma yana da tasa rigimar. Mu ɗauki niyobiyum, sinadari na 41 a jadawalin da muke haddacewa a darasin kemistiri, wanda Baturen Ingila Charles Hatchett ya gano a 1801. Ƙasar Brazil ce ke samar da mafi yawansa, amma mu ma muna da shi cikin ma'adinin kolumbayit da ake haƙowa tare da kuza a Jihar Filato.

In muka yanka alewa mai danƙo da dakusasshiyar wuƙa, sai ta miƙe ta manne wa wuƙar. Haka niyobiyum yake yi a kan injin sassaƙa ƙarfe. Ɓarɓashinsa ba ya karyewa ya faɗi, sai ya liƙe a bakin abin yankan. Daga nan wannan dunƙulen ne zai riƙa yagar jikin ƙarfen, ya bar shi da kaushi.

To mene ne abin damuwa a ɗan kaushi? Idan aka sanyaya niyobiyum ya wuce digiri 264 ƙasa da sifiri, lantarki yana ratsa shi ba tare da wata turjiya ba. Shi ya sa ake ƙera bututu da shi a manyan na'urorin bincike, irin European XFEL da aka buɗe a Hamburg ta Jamus a 2017. A cikin bututun, ɗan ƙarzane da ido ba ya gani yana iya tara zafi a wuri guda, ƙarfen ya rasa wannan baiwa, aiki ya tsaya.

Don haka injiniyoyi ke amfani da baki mai kaifi sosai, suna kwarara ruwan sanyaya da ke rage mannewa. Bayan haka sai su wanke cikin bututun da ruwan asid, ya cinye siririn saman da ya lalace, sannan su ɗauraye shi da tsabtataccen ruwa a ɗakin da ƙura ba ta shiga.

Ranar da malamin koyon aikin ƙarfe ya ce mu duba kaifin kayan aikinmu kafin mu fara, mu tuna da Hamburg.